Kafin Ka Sayi Ko Da Waya Ɗaya: Haɗa Kwamfutar Da Za Ta Ɗauki macOS

Jawabin da aka gabatar a zaman 'yan ƙungiya a Whitechapel, Landan



Shugaba, yayyenmu da suka riga mu zuwa ƙasar nan, 'yan uwana ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. An ba ni minti ashirin, an kuma ja mini kunne kada in sa mutane gyangyaɗi bayan an ci an ƙoshi. To, na zaɓi tambayar da aka fi yi mini tunda aka ji injiniyanci na karanta: wai mutum zai iya haɗa kwamfuta da hannunsa, ya ɗora mata macOS, babbar manhajar kamfanin Apple, ba tare da ya sayi Mac ba?

Zai iya. Ana yi kusan shekara ashirin ke nan, kuma irin wannan kwamfuta ita ake kira Hackintosh. Amma rabin aikin ba a wajen haɗawa yake ba, a wajen saye yake. Wanda ya yi kuskuren saye, ko ya kwana bakwai yana danne-danne, baƙin allo zai ta kallo. Mu kuwa mun san yadda fam ɗaya yake zama in aka juya shi zuwa naira ko sefa.

Masu wannan tambaya ba son burga ke damunsu ba. Akwai mai son rubuta manhajar iPhone, ita kuwa ba ta yiwuwa sai da Xcode, Xcode kuma a macOS kaɗai yake aiki. Akwai mai tace bidiyo da ke son Final Cut Pro, akwai mai haɗa sauti da ke son Logic Pro. Duk na Apple ne, ba su zuwa a Windows.

Yadda ƙofar ta buɗe kuwa, a 2005 ne Apple ya sanar zai koma amfani da furosesa ta Intel, a Janairun 2006 Mac na farko mai Intel ya fito. Daga ranar, cikin Mac da cikin kwamfutar kowa suka zama 'yan ɗaki ɗaya. Masu sha'awa suka yi ta rubuta 'yar manhajar da ke shiga tsakani lokacin tayar da na'ura, ta sa macOS ta ɗauka a gidansu take. An yi Chameleon, an yi Clover, yanzu OpenCore ake yayi.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe, don duk sauran maganata a kansa take. Kowane ɓangare na kwamfuta yana buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke yi masa tafinta da babbar manhaja. A Windows, duk kamfanin da ya ƙera kaya shi ke rubuta masa direba, shi ya sa kome ka soka sai ya yi aiki. Apple kuwa ba ruwansa da kayan kowa, abin da ya taɓa sakawa a cikin Mac shi yake yi wa tafinta. Saboda haka in ka ga kaya, kada ka tambayi ƙarfinsa tukuna. Tambayi ko Apple ya taɓa saka irinsa a Mac, in bai taɓa ba, ko akwai 'yan sa-kai da suka rubuta masa direba da har yanzu suke kula da ita.

Mu fara da furosesa. iMac na ƙarshe mai Intel ya fito a Agustan 2020, da zubi na 10. Nan iyaka take. Zubi na 8, na 9 da na 10 su ne masu sauƙin kai, har ɗan ɓangaren hoto da ke cikinsu, UHD 630, macOS ta san shi. Daga zubi na 11 zuwa sama furosesar za ta iya tashi in an yi mata dabara, amma ɓangaren hotonta ba zai taɓa yin aiki ba, dole sai ka sayi katin hoto daban. Haka duk wadda sunanta ya ƙare da harafin F, kamar i5-10400F, ita ba ta da ɓangaren hoton ma kwata-kwata. Ta fi araha, shi ya sa ɗalibi ke rugawa gare ta, sai daga baya ya ga araha ta ja masa wani sayen. Ryzen ta AMD ma tana tashi, da faci da aka yi wa zuciyar manhajar, sai dai Apple bai taɓa yin Mac da furosesar AMD ba. Manhajojin da ke tayar da wata kwamfutar a cikin kwamfuta, irin su Parallels da Docker, ba sa tafiya yadda ya kamata a kanta, wasu na Adobe ma sai an yi musu gyara. Ɗan sashen kwamfuta da ke aiki da Docker kullum, wannan kaɗai ya isa ya sa ya haƙura da Ryzen.

Sai katin hoto, inda kuɗin mutane suka fi halaka. Zan ɗan daɗe a nan.

Nvidia dai ku cire shi daga lissafi. Na san a ɗakunan bincikenmu shi ne sarki, duk mai horar da ƙirƙirarriyar basira shi yake nema. Amma tun daga macOS Mojave ta 2018 babu direbar sababbin katunansa. GTX 1060 da 1080 sun tsaya a High Sierra, jerin RTX kuwa ko sau ɗaya bai taɓa aiki ba. In ka saka, wataƙila ka ga hoto, amma komai zai riƙa jan ƙafa kamar motar da ta sha lodi a hawan dutse.

AMD ake saye, shi ma ba kowanne ba. RX 570 da RX 580 tsofaffi ne amma amintattu. RX 6600 da 6600 XT suna aiki, RX 6800 da 6900 XT suna aiki. To ga abin mamaki: RX 6700 XT da ke tsakiyarsu, Apple bai rubuta masa direba ba, don ƙwayar da ke cikinsa daban ce. Jerin RX 7000 gaba ɗaya babu. Kun ga ke nan lissafin "wanda ya fi sabo ya fi kyau" ba ya ci a nan, haka ma "na sama da shi ya yi, na ƙasa da shi ya yi, shi ma zai yi".

Har suna ma yana yaudara. Akwai RX 550 iri biyu a kasuwa, kwali ɗaya suna ɗaya, ɗaya da ƙwayar da ake kira Baffin, ɗaya da Lexa. Ta farko macOS ta san ta, ta biyu sai an ɓad da mata kama. Akwai kuma wani RX 580 da ake liƙa wa 2048SP a ƙarshen suna, an yi shi ne musamman don kasuwar Sin, ya cika shagunan intanet a farashi mai jan hankali. Lambar shaidarsa daban ce, macOS ba ta gane shi. Ƙari a kan haka, da yawa daga RX 570 da 580 na hannu an yi haƙar kuɗin kirifto da su dare da rana, har zuwa Satumbar 2022 da Ethereum ta daina wannan tsari aka zubo su kasuwa. Wasu an sauya musu manhajar cikinsu don haƙar. Saboda haka ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton GPU-Z, ka ga lambar ƙwayar da idonka. In ya ce ba shi da lokaci, kai ma ba ka da kuɗi.

Wi-Fi labarinsa ya fi ban tausayi. Shekara da shekaru shawara ɗaya ake ba kowa: sayi kati mai ƙwayar Broadcom BCM94360, irin Fenvi T919, ka soka, har AirDrop ya yi aiki. Da Sonoma ta fito a 2023, Apple ya cire direbar. Katin da aka saya jiya da tsada ya wayi gari kurma. Ana iya dawo da shi, amma sai ka sassauta wani ɓangare na tsaron manhajar. Katunan Intel suna da direbar 'yan sa-kai, intanet zai zo, AirDrop ba zai zo ba. Ni dai in ɗakinka na da ramin waya, ja waya kawai. Ƙwayar Intel I219 da Realtek RTL8111 da ke jikin madabod da yawa ba sa ba da wahala.

Ma'ajiyar bayanai, wato SSD, ita ce na fi jin tsoro, don a nan kundin digirinka yake kwana. Samsung PM981 da PM991 da Micron 2200S an san su da sa macOS ta sandare ko ta mutu tana tsakiyar aiki. Matsalar ita ce su ne ake yawan cirowa daga laftof na ofis a sayar da araha. Optane na Intel ma ba ya yi. Jerin WD Black, kamar SN750 da SN770, su masu wannan harka suka fi natsuwa da su. Ko wanne ka saya, kundinka ya kasance yana da kwafi a ma'ajiyar jami'a. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Madabod ba ta da yawan rigima, abu biyu kawai. Na ɗaya, mazaunin furosesa: LGA1200 na zubi na 10 ne da na 11, LGA1151 kuwa iri biyu ne masu kama ɗaya, furosesar zubi na 8 za ta zauna daram a madabod ɗin zubi na 6 amma ba za ta tashi ba. Na biyu, macOS ba ta ƙirga ramin USB fiye da 15 a kan mai sarrafa su guda ɗaya, kuma kowane ramin USB 3 biyu take ƙirga shi, don haka sai ka zauna ka zaɓi waɗanda za su rayu. Laftof kuwa ban ba da shawara ba, abin da ka tarar an liƙe a ciki shi ke nan.

Yanzu maganar saye a garin nan. In ka fito tashar Whitechapel ka bi titi, daga kasuwar da ke fuskantar asibitin Royal London har zuwa wajen Masallacin Gabashin Landan, shagunan gyaran waya da laftof ba sa ƙirguwa. Tottenham Court Road da aka daɗe da sani da shagunan kayan lantarki, tasha uku ce daga nan a layin Elizabeth. Amma mafi yawanmu a intanet za mu saya, kuma a nan doka tana da amfani. Dokar 2013 ta ba ka kwana 14 ka fasa cinikin da ka yi da ɗan kasuwa ta intanet, ko da kayan lafiyarsu ƙalau. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya in suna da aibi. Ku lura da kyau: katin da ya ƙi macOS amma yake aiki a Windows ba shi da aibi a idon doka. In a kanti ka saya hannu da hannu, sai abin da mai kanti ya ga dama. In kuma daga wani mutum ne a Facebook Marketplace ko Gumtree, kwana 14 ɗin nan babu su. Dabara ita ce kada ka riƙa tsintar kaya ɗaya-ɗaya wata bayan wata. Tara kuɗin, ka saye su a mako guda, ka gwada kafin wa'adin ya cika.

Masu niyyar komawa da ita gida, wutarmu da ta nan ɗaya ce, 230, a Najeriya har soket ɗin iri ɗaya ne. Amma kada a tsuke hannu wajen akwatin wutar cikinta, a kuma tanadi UPS. Ku tuna kuma in katin ya mutu a Kano ko Maraɗi, ba kowane za ka shiga kasuwa ka ɗauko ka maye gurbinsa da shi ba, sai ɗan jerin nan da na lissafa.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Yarjejeniyar da kake danna "na yarda" a kanta ta ce macOS ta kwamfutar Apple ce kaɗai. Wani kamfani a Amurka mai suna Psystar ya taɓa sayar da irin waɗannan kwamfutoci, Apple ya kai shi kotu a 2008, ya kuma yi nasara a 2009. Shi kasuwanci ya yi da abin, ba ɗalibi ba ne a ɗakinsa, amma sharaɗin da ya karya shi ne dai wanda ke gaban kowa. Kowa ya auna da kansa. 'Yan uwanmu na makarantar likitanci ta Queen Mary da ke nan unguwar, da duk mai riƙe da bayanan mutane a bincikensa, ku kam babu ma abin aunawa. Bayanan marasa lafiya ba sa hawa na'urar da aka sassauta wa tsaro, kuma in wani abu ya fita, ba kwamfutar za a kira gaban kwamiti ba.

Sai tambayar ƙarshe, wadda ta fi duk na baya nauyi: har yaushe? Apple ya fara ƙera furosesarsa da kansa, M1 ta fito a Nuwamban 2020. A Yunin 2025 ya faɗa ƙarara cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Za a ci gaba da samun gyaran tsaro na 'yan shekaru, daga nan shi ke nan. Mai rubuta manhajar iPhone shi zai fara jin zafin, don Apple yakan ɗaga mafi ƙarancin Xcode da yake karɓar manhaja da shi, sabon Xcode kuma sabuwar macOS yake nema.

Don haka ga yadda nake gani. In kana da kwamfuta mai Intel zubi na 8 zuwa na 10 a ajiye, ko za ka same ta a ɓagas, kuma kana son ka fahimci yadda na'ura ke tashi tun daga danna maɓalli, yi. Karanta jagorar Dortania daga farko har ƙarshe, kada ka kwafi fayil ɗin wani, za ka koyi abin da aji bai koya maka ba. Amma in daga sifili za ka fara, da kuɗin tallafin karatu ko na aikin ƙarshen mako, ka lissafa furosesa da madabod da ram da kati da SSD da akwati, sannan ka ajiye jimlar kusa da Mac mini mai M4, wanda ya fito a 2024 a kan fam 599 da ram 16, kafin a cire rangwamen ɗalibai. Wanda kuma Nvidia yake buƙata don bincike, ya haɗa kwamfutarsa ya ɗora mata Ubuntu, ya bar macOS ta huta.

Shugaba yana nuna mini agogo. Duk wanda ya riga ya rubuta jerin kayan da zai saya, ya kawo mini mu duba tare bayan sallar magariba, kafin ya biya.