Gidan Yayana: Magana A Kan Masu Bambancin Ƙwaƙwalwa

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan ƙasar Maradun ya gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai)



Ni mutumin Faru ne, a ƙasar Maradun ta Jihar Zamfara. Wanda bai taɓa taka garinmu ba ma ya san sunansa, albarkacin marigayi Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo na Talata Mafara. Mu mutane ne masu son magana mai lauje cikin naɗi. Yaro tun yana ƙarami ake sa ran ya gane habaici, ya san zambo, ya karanci fuskar babba kafin babban ya buɗe baki. To, a cikin irin wannan gari aka haifi yayana, mutumin da idan ka ce masa "ina zuwa yanzu", zai tsaya a nan inda ka bar shi har rana ta faɗi. Labarinsa na zo da shi yau, da izininsa, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Tun muna yara an san Yaya daban yake. Ba ya kallon idon mai yi masa magana. Ranar kasuwa yakan toshe kunnuwa ya shige ɗakin Inna, kuma in an sauya masa kwanon da ya saba cin tuwo a ciki, to ranar da yunwa zai kwana. Amma a makarantar allo shi ya riga sa'o'insa sauka, a boko kuwa malamin lissafi har tsoron yin kure a gabansa yake. Wasu suka ce gaula ne, wasu suka ce girman kai, tsofaffi suka ce iska ce ta shafe shi. An yi turare, an sha rubutu, Inna ta sayar da akuya ba ɗaya ba. Sai da ya gama karatu, ya kama aikin akawu a wani ofishin gwamnatin tarayya, sannan wani likita ya zauna da shi, ya yi masa tambayoyi na tsawon lokaci, ya ce abin da ke tare da shi sunansa galahanga. Mun daɗe muna ɓoye wannan tafiya, domin a yankinmu da zarar an ji an kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, sai a ce "an kai shi Kware", wato asibitin tarayya da ke kusa da Sakkwato, shi ke nan an gama yanke masa hukuncin hauka.

Galahanga kuwa ba hauka ba ce. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana ta a rubuce a shekarar 1943, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya bai yi nisa da mutum ɗaya cikin ɗari ba. Halitta ce ta ƙwaƙwalwa wadda ake tashi da ita, tana shafar yadda mutum ke hulɗa da jama'a da yadda yake jin ƙara da haske da taɓi. Tana da 'yan'uwa: akwai wanda hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya ko da ya so, akwai wanda haruffa ke rikice masa alhali kansa na ja. A ƙarshen shekarun 1990 wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, ta yaɗa ra'ayin cewa a dubi waɗannan a matsayin bambancin ƙwaƙwalwa tsakanin 'yan Adam, kamar yadda aka bambanta a tsawo da murya. Ni dai na karɓi rabin wannan ra'ayi. Na yarda bambanci ne, amma na ga Yaya yana kuka don ƙarar janareta, kuma na san gidajen da ɗansu bai taɓa furta kalma ba. Wanda ya ce babu wahala a ciki bai zauna da mai abin ba.

Yadda yake tafiyar da rayuwarsa abin kallo ne. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba, kome a ciki yake: ranar biyan kuɗin wuta, ranar aski, abin da zai faɗa wa shugabansa, har da gaisuwar da ta dace da gidan rasuwa da wadda ta dace da gidan suna, don ya taɓa musanya su sau ɗaya, bai kuwa manta dariyar da aka yi masa ba. Salloli biyar su ne turakun yininsa. Kasuwa sai da sassafe kafin ta cika. Rigunansa duk ɗinki ɗaya ne. A ofis ba a taɓa kama shi da kuren kwabo ba, amma sau biyu ana ba shi takardar gargaɗi a kan "rashin ladabi", don an tambaye shi ra'ayinsa a gaban baƙi, shi kuwa ya faɗi gaskiya tsirararta. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021, kowa ya sha wuya, amma shi da ya saba kiran Inna kullum bayan Isha'i, sai da ya yi kwanaki ba ya barci.

Yanzu bari in zo kan gida, wanda shi ne gundarin maganata, musamman ga ma'aikatan da ke zaune a nan waɗanda kowannensu ke da wannan buri.

Ba marmari ne ya sa Yaya neman gida ba. Kun san halin da ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara suka shiga a hannun 'yan bindiga. Da abin ya matsa, muka ɗauko Inna da ƙannenmu mata biyu muka kawo su Talata Mafara, ɗaki ɗaya na haya a gidan da ke da iyali shida. Jama'a na ta kwararowa gari, kuɗin haya na ta hawa. Mutumin da ba ya jure ƙarar rediyon maƙwabci, ga shi a tsakar gida mai yara ashirin. Ya rame, aikinsa ya fara lalacewa. Sai ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya rubuta "gida", ya ja layi.

Wajen tara kuɗi babu wanda ya kai shi. Adashi biyu yake zubi, bai taɓa latti ba, aka haɗa da kuɗin shanun gadonmu da rancen ƙungiyar ma'aikata marar ruwa. Ya kuma karance dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 daga farko har ƙarshe, wadda a ƙarƙashinta ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance da ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Da kansa ya ajiye wannan hanya, saboda dalili biyu: zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, sannan irin wannan rance yana bukatar takardar mallaka ta hukuma, galibin gidajen da talaka zai iya saya a garuruwanmu kuwa ba su da kome sai shaidar mai unguwa.

Inda gizo ya yi saƙa shi ne ciniki. Jama'a, ku tsaya ku dubi yadda muke sayen gida. Dillali zai kai ka, ya yi ta zuba kamar kanya. Mai gida zai sa kuɗin da shi kansa ya san ba za a biya ba. Ka taya, ya ce "albarka", ka ƙara, ya sake cewa "albarka", a yi ta ja har a ji "na sallama". Duk wasa ne wanda kowa ya san ƙa'idarsa ba tare da an koya masa ba. Yaya bai san ta ba. Gida na farko da ya taya, mai shi ya ce albarka, sai ya ce "na gode", ya sa takalmansa ya tafi, dillali na binsa da gudu. A gida na biyu ya shiga ya ce a gaban mai gida da matarsa, "Wannan bangon ya tsage, azarar nan gara ta ci, kuma kun shafa farar ƙasa don ku ɓoye." Gaskiya ya faɗa, amma da kyar muka fita lafiya. A na uku aka kusa yi mana sakiyar da ba ruwa. Wani dillali ya gane cewa Yaya na ɗaukar kowace magana a kan fuskarta, sai ya ce masa akwai wani Alhaji da zai biya kafin Magariba. Yaya ya ruɗe, ya ba da kafin alƙalami a tsaye, babu takarda. Ashe gidan gado ne, magada bakwai, biyu kawai suka san da cinikin. Rabin kuɗin nan har yau ba mu gan shi ba.

Daren nan ya ce mini, "Auta, ni ba zan iya ba. Mutane suna faɗin abin da ba shi suke nufi ba, kuma kowa ya sani sai ni." Wasu dangi suka samu abin faɗi, suka ce ai dama bai kamata a bar wa irinsa dukiya a hannu ba.

Wanda ya fitar da mu kawunmu ne, malamin zaure wanda bai taɓa jin kalmar galahanga ba. Ya ce wa dangin nan, wanda shari'a ke hana wa dukiyarsa shi ne mai ɓarnatar da ita, wannan yaro kuwa ya fi ku duka tattali, gaggawa ce ba ya iyawa, shari'a kuma ba ta tilasta masa gaggawa ba. Ya buɗe mana babin ciniki a Muhtasar na Shaihu Halil, inda aka halatta wa mai saye ya gindaya sharaɗin zaɓi, wato a ƙulla ciniki amma yana da damar fasawa cikin wani wa'adi, kuma wa'adin gida ya kai kamar wata guda. Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ya ce wakilci ma halal ne, mutum ya naɗa wani ya yi ciniki a madadinsa. Na yi mamaki ƙwarai. Abin da masana na yau ke kira sauƙaƙa wa mai bukata ta musamman, ga shi kwance a littafin da ake karantawa a zaurukanmu shekaru aru-aru, mu ne muka bar shi muka kama "yanzu-yanzu" ta dillalai.

Haka muka raba aiki. Kawu ya zama baki, Yaya ya zama ido. Da aka samu gida na huɗu, ɗaki uku da zaure a bayan gari, sai aka sa sharaɗin wata guda a rubuce. A cikin watan nan Yaya ya ziyarci unguwar da asuba, da azahar, da tsakar dare, yana sauraro. Ya gano injin niƙa a layi na biyu, ya auna tazararsa da ƙafa, ya ce zai iya jurewa. Ya bi magudanar ruwa har inda ta ƙare, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke kwanciya da damina. Ya sa aka tara duk wanda ke da haƙƙi a gidan a gaban mai unguwa, kowa ya sa hannu. Cinikin ya faɗo a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, mai gida ya nace sai tsabar kuɗi. Yaya ya ƙi, ya ce ta banki zai biya don a samu shaida. Wannan taurin kai da ake zaginsa a kai tun yana yaro, ranar kowa yaba shi ya yi.

Saura magana ɗaya wadda yawancinmu ba mu sani ba, ni ma daga bakinsa na ji ta. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, wanda a birane aka saba ba da shi na shekara 99, kuma sauya hannunsa na bukatar amincewar gwamna, a karkara kuwa ta ƙaramar hukuma. A shekarar 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jinginar gida a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa. Mu mutanen Maradun bai kamata a yi mana dogon bayani a kan ƙasa da takarda ba. Iyayenmu sun ga yadda madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta tashi dubban iyalai daga gonakinsu, sun kuma ga jinin da aka zubar a watan Afrilu na 1980 a kan rikicin diyya.

'Yan'uwana, da yawanku gobe ku ne za ku zauna a bayan tebur a ofishin filaye, ko banki, ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu nakasa wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ma'anar nakasa a cikinta kuwa ta haɗa da ta ƙwaƙwalwa, har ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Akwai kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma doka ba ta zama a kan kujera, ku ne za ku zauna. Idan mutum ya zo gabanku bai dube ku a ido ba, ko ya maimaita tambaya sau uku, ko ya ce a rubuta masa abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta masa. Idan kun ce ya dawo ranar Talata, to ku sani ƙarfe takwas na safiyar Talata zai zo. Ina kuma roƙon shugabannin wannan ƙungiya su nemar mana ɗaki ɗaya marar hayaniya a ɗakin karatu, su kuma roƙi malamai su riƙa ba da sanarwar sauyin lacca a rubuce, don akwai irin Yaya a cikin wannan zaure, na san uku.

Inna ta tare a gidan kafin damina. Yaya ya ɗauki ɗakin ƙurya, ya toshe tagar da ke fuskantar injin niƙa da tsohuwar katifa. Takardar neman shaidar mallaka kuwa an shigar da ita, muna jira, shi kuma duk ranar Litinin ta farkon wata yakan je ya tambaya, ya dawo ya rubuta amsar da aka ba shi a littafinsa.