Mai Faci a Agege, Kana Cikin Taswira Kuwa?

Yau direban da tayarsa ta sace a gindin gadar Pen Cinema, sau da yawa waya yake ɗauka ya buɗe Google Maps. Shagon da ya fito masa, can zai nufa. 'Yan'uwanmu masu faci da masu sayar da taya a Agege kuwa, da yawansu ba su sa shagonsu a taswirar ba, alhali rajistar kyauta ce.

Kusanci na cikin abin da Google ke dubawa, don haka a dasa alamar taswira daidai ƙofar shago, ba tsallaken titi ba. A sa lambar wayar da ake ɗagawa, da hoton allon shago, da lokacin buɗewa na gaskiya. Wanda ke aiki har dare ya rubuta haka, domin masu manyan motocin da ke kai shanu mayankar Oko-Oba ba su san dare ba.

Sayen yabon ƙarya a shafin shago kuma ha'inci ne, Google ma na goge shi in ya gano. Wanda ka yi wa aiki ya ji daɗi, roƙe shi ya rubuta yabon da kansa. Malam mai faci, ka yi rajistar nan a makon nan.