Tom Brady, Wanda Aka Zaɓa Na 199

A shekarar 2000 sai da aka zaɓi 'yan wasa 198 kafin ƙungiyar New England Patriots ta ɗauki Tom Brady. An raina gudunsa. To amma a ƙwallon ƙafa irin na Amurka, aikin madugu mai jefa ƙwallo na kaifin basira ne da saiti, kuma nan Brady ya gagara.

A wasan ƙarshe na Super Bowl a 2017, ƙungiyar Atlanta Falcons na gaban Patriots da maki 28 da 3. Brady bai karaya ba, ya ja tawagarsa har suka yi nasara, aka tashi 34 da 28.

Kofi bakwai ya ci, na ƙarshe da ƙungiyar Tampa Bay yana da shekara 43. Har yau babu ƙungiyar da ta tara bakwai.