Kafin ka sayi takalmin gudu



Yau maganarmu a kan takalmin gudu ce. Jama'a sun fara fita motsa jiki da asuba, abin a yaba. Amma dubi ƙafafunsu: wani silifas, wani kambas ɗin zuwa biki. Kwana kaɗan sai farce ya yi baƙi, gwiwa ta ɗau ciwo, a ce gudu bai karɓe shi ba.

Wani zai ce ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya lashe gudun fanfalaki a Rum a 1960. Gaskiya ne, amma shi ƙafarsa ta saba.

In za ka saya, je da yamma. Da yamma nake cewa, domin lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kamar yadda take yi wajen gudu. Sa safarka da takalmin, ka miƙe tsaye, ka danna gaban takalmin. Faɗin babban yatsan hannu ya rage tsakanin yatsun ƙafarka da bakinsa. Diddige kuwa ya zauna daram.

Na gwanjo ba laifi, amma juya shi ka duba ƙasansa. In ya cinye ta gefe guda, ajiye musu kayansu, komai arharsa.