Ina Ƙarfin Batir Yake Tafiya?



Duk wanda ya shiga motar haya daga Anka zuwa Gummi ya san yadda babbar lasifikar baya take girgiza ƙirji. Direba yakan ce tasa wat 1,000 ce, don haka aka rubuta a kwali. To, mu auna. Batirin mota bolt 12 ne. In na'urar ƙara sauti ta ja amfiya 20, wat 240 ke nan. Irin tsohuwar na'urar nan takan mai da kusan rabinsu zafi. Ku taɓa bayanta ku ji. Abin da ya isa lasifika kuwa, da ƙyar kashi 1 cikin 100 yake zama sauti. Shi ya sa in aka kashe inji a tasha ana ta kiɗa, da la'asar sai turi.