Bishop ɗin da ya ƙirga tumakin Bani Isra'ila

 Filinmu na yau zai kai mu can ƙasar Natal a Afirka ta Kudu, shekaru sama da 160 baya. Maganar ta shafi addinin Kirista da littafinsu, amma da kayan aikinku aka yi gardamar: ƙirga garke, auna makiyaya, lissafin ruwan sha. Cikin masu jinmu akwai Musulmi, akwai Kirista, kasuwa ɗaya kuke ci, rijiya ɗaya kuke shayarwa. Don haka za mu kawo hujjar mai shakka yadda take, mu kawo amsar masu bangaskiya yadda take, hukunci kuma ya rage naku.

Sunan mutumin Jon Kolenso, Bature ɗan Ingila, an haife shi a 1814. Gwanin lissafi ne, har ya rubuta littattafan lissafi da aka daɗe ana karantarwa a makarantun ƙasarsu. A 1853 aka naɗa shi bishop na farko na Natal, wato babban limamin cocin Angilikan na yankin. Da ya zo sai ya koyi harshen Zulu, ya shiga fassara Littafi Mai Tsarki. Zulu kuwa makiyaya ne irinku, da shanu suke aure, da shanu ake auna arzikin mutum.

Cikin masu taimaka masa da fassara akwai wani Bazule Kirista mai suna Wiliyam Ngidi. Wata rana suna kan labarin ruwan tufana na Annabi Nuhu, sai Ngidi ya tambayi bishop ko shi kansa ya gaskata cewa dukkan dabbobi da tsuntsaye, na ƙasashen zafi da na sanyi, sun zo biyu-biyu sun shiga jirgi, kuma Nuhu ya tara wa kowanne abincinsa, har da masu cin nama. Kun ji tambayar makiyayi ke nan. Duk wanda ya taɓa ɗaure rago uku a gida ya yi musu harawar rani ya san cewa kafin a yi zancen dabba sai an yi zancen abin da za ta ci. Kolenso ya rubuta daga baya cewa ya kasa ce masa i, domin karatun da ya yi kan duwatsu da ƙasa ya riga ya sa shi shakkar cewa ruwa ya taɓa rufe duniya kaf, kuma bai yarda ya faɗi abin da bai gaskata ba da sunan Allah.

Daga nan ya ɗauki alƙalami ya bi littattafai biyar na farko, waɗanda ake kira Attaura, yana lissafi kamar mai duba littafin ɗan kasuwa. A 1862 ya fitar da kashi na farko na bincikensa a Landan. Bari in kawo muku manyan hujjojinsa, mu riƙa yin lissafin tare.

Ta farko, yawan mutane. Littafin Fitowa ya ce mazan da suka fita daga Masar tare da Annabi Musa sun kai wajen 600,000, ban da mata da yara. Littafin Ƙidaya ya ba da adadin daidai: 603,550, daga mai shekara 20 zuwa sama. In aka haɗa mata da yara da tsofaffi, jama'ar ta kai miliyan biyu ko fiye. Ku tuna, a ƙidayar 2012 mutanen Yamai sun ɗan haura miliyan ɗaya ne. To ku ɗauki Yamai biyu, ku tashe su a dare ɗaya, ku sa su cikin hamadar Sina'i shekara 40. In kowane mutum ya sha lita huɗu kacal a yini, lita miliyan takwas ke nan, jarka mai lita 25 har 320,000 kullum, kuma ba a shayar da ko akuya ɗaya ba tukuna.

Ta biyu, dabbobi. Littafin ya ce sun fita da garkunan tumaki da shanu masu yawan gaske. Kuma a daren Idin Ƙetarewa an umarci kowane gida ya yanka ɗan rago ko ɗan bunsuru, namiji, bana ɗaya, marar aibu. In mutum goma suka haɗu a kan dabba ɗaya, ana bukatar 200,000 a dare guda. Ku kun fi ni sanin tumaki mata nawa za su haifi maza 200,000 a shekara ɗaya, da faɗin dajin da zai riƙe su. Da aka ce masa ai Allah ya saukar musu da manna daga sama, sai Kolenso ya ce littafin ya ambaci manna don mutane, bai ambaci ciyawar da aka saukar wa dabbobi ba.

Ta uku, 'ya'yan fari. Littafin Ƙidaya ya ce 'ya'yan fari maza, daga ɗan wata ɗaya zuwa sama, su 22,273 ne. Ku raba 603,550 da wannan, za ku samu ɗan fari ɗaya a kan kowane namiji baligi 27. Ko da mun ce rabin iyaye mata da 'ya mace suka fara, kowace uwa za ta tashi da manyan 'ya'ya maza sha uku ko fiye, ban da ƙanana, ban da 'yan mata.

Ta huɗu, wurin ibada. Harabar alfarwar sujada kamu 100 ce a tsawo, 50 a faɗi, ga shi kuma an ce a tara dukkan jama'a a ƙofarta. Masu miƙa hadaya kuwa, bayan mutuwar 'ya'yan Annabi Haruna biyu, saura mutum uku: shi da 'ya'yansa biyu da suka rage. Kolenso ya tambaya, yaya mutum uku za su iya da hadayun jama'a miliyan biyu?

Akwai kuma wata hujjar da ba ta lissafi ba. A sura ta 21 ta littafin Fitowa akwai doka kan ubangijin da ya doki bawansa da sanda: in bawan ya mutu nan take a hukunta shi, in ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya mutu ba hukunci, domin bawan dukiyarsa ne. Kolenso ya ba da labarin yadda mai taimaka masa Bazule ya ji wannan ya girgiza, ya kasa yarda cewa Allah mai jinƙai zai kira ɗan Adam dukiya.

Abin da ya fitar daga duk wannan shi ne, littattafan ba mutum ɗaya ya rubuta su a zamanin Musa ba, an harhaɗa su ne daga baya, kuma bai kamata a karanta su kamar rajistar jangali ba. Ku lura, bai bar addininsa ba. Har ya mutu yana wa'azi, yana cewa saƙon Allah yana cikin littafin ko da alƙaluman ba su tsaya ba.

To, me masu bangaskiya suka ce? Raddi ya yi ta fitowa, kuma har yau ana amsawa. Amsoshin sun kasu kamar gida huɗu.

Wasu suka ce labarin tun daga farkonsa na mu'ujiza ne: teku ya rabe, ruwa ya fito daga dutse. Wanda ya yarda da waɗannan, ciyawar tumaki ba za ta gagare shi yarda ba, kuma rashin ambaton abu ba ya nufin bai faru ba. A ganinsu Kolenso ya ɗauko mudun kasuwa ne zai auna ikon Allah.

Wasu suka koma kan kalmar. A harshen Ibrananci kalmar da aka fassara da dubu ita ce elef, 'yar'uwar alif ɗin nan ta Larabci da muke faɗa in muna ƙirga shekaru. Amma elef takan ɗauki ma'anar dangi ko ƙungiya, kuma a cikin littafin kansa akwai inda aka yi amfani da ita haka. In an karanta ta haka, sai a samu ƙungiyoyi wajen 600, jama'ar ta ragu ƙwarai, hamada ta iya ɗaukarsu. Sai dai masu shakka suna da abin cewa a nan, kuma 'yan kasuwa za ku ji daɗin wannan. A sura ta 38 ta Fitowa an ce kowane namiji ya ba da rabin shekel na azurfa, abin da aka tara ya kama talanti 100 da shekel 1,775. Talanti ɗaya shekel 3,000 ne. Jimla shekel 301,775, in ka ninka biyu ka samu 603,550 cif. Wato wanda ya rubuta wannan wurin dubu sosai yake nufi.

Kashi na uku suka ce mutanen dā suna amfani da manyan alƙaluma don girmamawa, kamar yadda maroƙi zai ce wa mai shanu garkensa ya rufe daji, kuma ba wanda zai ce maroƙin ya yi ƙarya.

Na huɗu suka ce wannan ba sabon abu ba ne a cikin coci. Tun ƙarni na uku wani malamin Kirista na Iskandariya a Masar, Orijin, ya koyar cewa wasu wuraren ba a ɗaukarsu a zahirinsu, ya ba da misali da kwana ukun farko na halitta, da aka ƙirga safiya da maraice alhali ba a halicci rana ba tukuna. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ma ya gargaɗi Kiristoci kada su jingina wa littafinsu maganar da masu sanin duniya za su yi wa dariya. A kan dokar bawa kuwa, suka ce a karanta surar duka: a nan ne aka ce wanda ya ɓata wa bawansa ido ko ya fasa masa haƙori dole ya 'yanta shi, don haka dokar tana rage ikon ubangiji ne a zamanin da bauta ta game ko'ina. Mai shakka yakan amsa cewa rage zalunci daban, hana shi daban.

'Yan'uwa Musulmi, kafin wani ya ɗauki wannan ya tafi kasuwa yana tsokanar maƙwabcinsa, ga wani abu. Wannan adadi na 600,000 ya shiga littattafan tarihin Musulmi ma, irin na Mas'udi. Kuma kusan shekara 500 kafin Kolenso, Ibn Khaldun, haifaffen Tunis, ya yi masa irin wannan binciken a farkon Muƙaddimarsa ta 1377. Ya ce daular Farisa ta fi Bani Isra'ila girma nesa ba kusa ba, amma rundunar Rustum a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ce. Ya ce tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa kakanni kaɗan ne, zuriya ba ta yaɗuwa haka cikin ɗan lokaci. Darasin da ya fitar na kowa ne: duk labarin da ya zo da adadi, a gwada shi da abin da ido ya saba gani, domin mutane suna son ƙara gishiri in ana zancen runduna da dukiya.

Yaya aka ƙare da Kolenso? A 1863 babban bishop na Kef Tawun, Robat Gire, ya yi masa shari'ar karkacewa daga koyarwar coci, ya tsige shi. Kolenso ya ɗaukaka ƙara zuwa Ingila, a 1865 majalisar shari'a ta Sarauniya ta ce Gire ba shi da hurumin tsige shi. Kotun ba ta ce lissafinsa daidai ne ko kuskure ba, maganar iko kawai ta duba. A 1866 aka sanar da korarsa daga coci, daga baya aka naɗa wani bishop a gefensa, cocin Natal ya rabe biyu. Rikicin yana cikin dalilan da suka sa bishop-bishop na Angilikan na duniya suka yi taronsu na farko a Lambet a 1867. A Ingila har ba'a aka riƙa yi masa, wai ya je ya tubar da Bazule, Bazule ya tubar da shi.

Zulu kuwa suna kiransa Sobantu, wato uban jama'a. Ya tsaya wa sarkin Hlubi, Langalibalele, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta yi masa shari'ar rashin adalci a 1874, ya kuma soki yaƙin da Ingila ta kai wa Sarki Cetshwayo a 1879, abin da ya jawo masa ƙiyayyar Turawan Natal da yawa. Ya rasu a 1883.

Abin da nake so ku riƙe, jama'a, guda uku ne. Na ɗaya, tambayar da ta girgiza cocin Ingila daga bakin Baƙar fata ta fito, mutumin da ya san dabba da abincinta, don haka kada wani ya raina ilimin da kuka samu a bayan garke. Na biyu, in za ka kawo hujjar mai shakka, ka san amsar da aka ba shi, in kuma za ka kawo amsar, ka san inda take da rauni, kamar yadda muka gani a kan elef da azurfar nan. Na uku, akwai bambanci tsakanin tambaya da izgili. Ngidi ya yi tambayarsa ne ga malaminsa, suna zaune kan aiki ɗaya, shi kuma malamin bai kore shi ba, bai kuma yi masa ƙarya ba. A kasuwannin iyaka kun sha ganin gardamar addini ta fara da wasa a rumfar mai shayi ta ƙare da gaba, ciniki ya tsaya, amanar shekaru ta lalace. Mai son sanin abin da ke cikin littafin maƙwabcinsa ya tambaye shi cikin ladabi, ya bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Masu tafiya da dabbobi, Allah ya ba da ciyawa da ruwa, ya tsare burtali. Fatake da dillalai, Allah ya ba da kasuwa.