Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Alƙali Ke Shiru Lauyoyi Na Ja-in-ja?

  Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin shanu a kasuwar Maigatari, kuma daga jin kalamansa ka san ransa a ɓace yake. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"An sace mini bijimai biyu, aka kama mutum da ɗaya a hannunsa. Da muka je kotu sai lauyansa ya tasa ni gaba da tambayoyi, kai ka ce ni ne ɓarawon. Alƙali kuwa bai ce uffan ba, rubutu kawai yake yi. Yau wata tara ke nan ana ɗage shari'ar. Alhali wani abokin cinikina na Damagaram ya ce can wurinsu alƙali da kansa yake bincike. Shin wannan wace irin shari'a ce? Kuma yaya lauya zai tsaya wa wanda kowa ya san ɓarawo ne?"

To Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Tambayarka ta mutane da yawa ce, saboda haka bari mu ɗan zauna a kanta.

Da farko dai shirun alƙali ba raini ba ne, ba kuma alamar an saye shi ba ce. Haka tsarin yake. Kotunan majistare da manyan kotunanmu na Nijeriya sun gaji tsarinsu ne daga Ingila, wato abin da za mu iya kira shari'ar ja-in-ja. Ɓangare biyu ne ke karawa: mai gabatar da ƙara a madadin gwamnati, da wanda ake tuhuma tare da lauyansa. Kowa ya kawo shaidunsa, kowa ya tankaɗe shaidun ɗan'uwansa. Shi alƙali aikinsa ya saurara, ya hana a karya ƙa'ida, sannan ya auna abin da aka ajiye a gabansa. Ba ya fita neman shaida da kansa. A Ingila da Amurka ma, a manyan laifuffuka, wasu mutanen gari ne ake zaɓa su saurara su ce an yi laifi ko ba a yi ba. Mu nan alƙali ne ke yanke wannan.

Kai da kake ɗan kasuwa ai ka san irin wannan. In an kawo sa kara, mai shi yabonsa zai yi ta yi. Mai saye kuma ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya dubi kofato, ya nemo aibu. Tsakanin mai yabo da mai kushe ne ainihin kuɗin san ke fitowa. To haka masu wannan tsari suka ɗauka: gaskiya ta fi fitowa idan akwai mai faɗa akwai mai musu.

Abu na biyu, wanda ba a cika gaya wa mutane ba: a shari'ar laifi ƙarar ba taka ba ce, ta gwamnati ce. Kai shaida ne. Shi ya sa lauya ke da damar ya ƙure ka da tambaya. Ta yaya ka gane sanka ne? Wace shaida ce a jikinsa? Wa ya ga lokacin da aka kwance shi? Tambayoyin da zafi, amma ka tuna ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan wuƙar da ta taɓa ka yau, ita ce za ta yanke maka igiya gobe idan wani maƙiyi ya yi maka ƙage. Mutum nawa ne suka sayi dabba a kasuwa da kuɗinsu, daga baya ta zama ta sata? Kama mutum da sa a hannu bai isa a ce shi ya kwance shi ba.

Wannan shi ne babban ƙarfin tsarin. Sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne sai an tabbatar da laifinsa. Nauyin kawo hujja yana kan mai tuhuma. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin a gaban alƙalin Musulunci ma mai ƙara shi ke kawo shaidu, kuma ba a yanke hukunci sai an tambayi mutum ko yana da sauran magana. Shi kuma lauya ba a yarda ya shirga wa kotu ƙarya ba. Abin da yake cewa kawai shi ne: kun ce ya yi, to ku tabbatar.

Su kansu Turawan Ingila ba da wannan suka tashi ba. Sai a shekarar 1836 dokarsu ta ba mai babban laifi cikakkiyar damar lauya ya yi magana a madadinsa. Kafin nan talaka shi kaɗai yake tsayawa yana rawar baki, ga igiyar rataya tana jiransa.

Yanzu kuma ga inda tsarin ke yoyo. Mu koma kara. Idan mai sayar da sa gogaggen dillali ne, mai saye kuma yaro ne da bai taɓa riƙe igiya ba, wane irin ciniki za a yi? To haka kotu take. Ja-in-ja ba ya haifar da gaskiya sai ƙarfi ya zo ɗaya.

Ku ji wani labari na gaske. A shekarar 1961, a jihar Fulorida ta Amurka, aka tuhumi wani talaka mai suna Clarence Gideon da fasa wani gidan wasa ya saci kuɗi. Ya roƙi kotu ta ba shi lauya don ba shi da ko sisi, aka ƙi. Ya kare kansa iyakar iyawarsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya ɗauki fensir ya rubuta wa Kotun Ƙoli takarda. A 1963 alƙalan kotun su 9 suka haɗu a kan cewa dole gwamnati ta ba marar hali lauya a babban laifi. Aka sake shari'ar. Wannan karon lauya ya tsare babban mai shaida da tambayoyi har maganarsa ta wargaje, aka sallami Gideon. Kun ji fa: mutum ɗaya, tuhuma ɗaya. Ba lauya, kurkuku. Da lauya, gida. Labarin nan ya nuna amfanin tsarin, ya kuma tona asirinsa. Mai kuɗi ya ɗauki babban lauya, talaka ya riƙe baki.

Aibu na biyu shi ne jan lokaci, wanda kai Alhaji kake ciki yanzu. Tunda ɓangarorin ne ke tuƙa shari'a, wanda ya ga ba shi da nasara sai ya yi ta neman a ɗage, har shaidu su gaji da biyan kuɗin mota, ko damina ta faɗi kowa ya koma gona. Fiye da rabin mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A 2015 an yi dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya wadda ta ƙayyade yawan ɗagewa, jihohi ma suka yi irin tasu, amma rubuta doka daban, aiki da ita daban.

Aibu na uku, alƙali abin da aka kawo masa kaɗai yake gani. In 'yan sanda suka yi sakaci, mai laifi ya kuɓuta. In kuma aka kawo gurɓatacciyar shaida ba a gano ba, marar laifi ya tafi. A Ingila an ɗaure wasu mutum 6 a 1975 kan tashin bama-bamai a birnin Birmingham, sai a 1991 aka gane an zalunce su aka sake su, bayan shekara 16.

To batun Damagaram fa? Abokinka ya yi gaskiya. Nijar ta gaji tsarin Faransa, wanda ya samo tushe daga dokar da aka yi zamanin Napoleon a 1808. A babban laifi akan miƙa magana ga alƙali mai bincike. Shi zai kira shaidu, ya yi tambayoyi, ya nemo abin da ke ɗaure mutum da abin da ke wanke shi, ya haɗa takardu ya tura wa masu yanke hukunci. Wanda aka cuta ma yana iya shiga cikin ƙarar ya nemi diyya. Amfaninsa, talaka bai dogara kacokan ga ƙarfin lauyansa ba. Amma fa an tara kaya da yawa a kan mutum ɗaya, in ya karkace kowa ya karkace. A Faransa ɗin kanta, a shari'ar garin Outreau, an tsare mutane wata da watanni, wasu shekaru, kan maganar da ta zama ƙage, har aka wanke mutum 13 tsakanin 2004 da 2005. Ka ga ke nan kowane gida da inda yake yoyo.

Saboda haka jama'a, tunda mun san tsarinmu na ja-in-ja ne, kada mu shiga fili hannu rabbana. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ka sayi dabba ko hatsi mai yawa, karɓi rasit, ka sa sarkin kara ko dillali ya zama shaida. In an kira ka kotu, faɗi abin da idonka ya gani kurum, kada ka ƙara gishiri, domin ƙarin nan lauya ke kamawa. In ba ka jin Turanci, wanda ake tuhuma yana da haƙƙin tafinta kyauta. Kada ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Marar hali kuma ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don irin wannan.

Kai kuma Alhaji, kada ka yi fushi ka daina zuwa. Ranar da shaida ya gaji, ranar ce ɓarawo ke dariya. Ka je da mutanen da suka san bijimanka, ka kuma roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi kotu ta mayar maka da san da aka kama.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.